Kafafen Sada Zumunta da Sakamakon Jarrabawar Ɗaliban Manyan Makarantu



A cikin jami'a aka haifi Facebook. A shekarar 2004 Mark Zuckerberg da abokansa suka buɗe shi domin ɗaliban Jami'ar Harvard ta Amurka, daga nan ya bazu zuwa sauran jami'o'i kafin ya game duniya. Ke nan ɗalibi shi ne farkon wanda ya ɗanɗana zumar wannan kafa, shi ne kuma farkon wanda ya sha harbinta. Tambayar da wannan takarda ta ɗauko ita ce: ta wace ƙofa illar take shigowa cikin makin ɗalibi, kuma wa ke da alhakin toshe ta?

A 2010 masu bincike Kirschner da Karpinski sun tambayi ɗalibai 219 a Amurka, suka samu cewa masu amfani da Facebook sun faɗi maki ƙasa da na waɗanda ba sa amfani da shi, kuma sa'o'in karatunsu a mako sun fi ƙaranci. An yi ta yawo da wannan sakamako, amma yana da rauni, domin ɗaliban ne da bakinsu suka faɗi makin nasu. Binciken Reynol Junco na 2012 ya fi shi ƙarfi. Ya duba ɗalibai 1,839, kuma daga ofishin rajistar jami'a ya karɓo makinsu. Ya tabbatar da cewa yawan daɗewa a Facebook yana tafiya da raguwar maki, sai dai ya ƙara gano abin da na fi so mu riƙe: ba kowane irin amfani ne yake cutarwa ba. Hira da yawan sanya labarin kai su ne ke tafiya da ƙarancin maki, alhali tura bayanai da neman su suna tafiya da maki mai kyau.

A nan ne nake ganin bakin zaren yake. Illar ba ta tsaya ga adadin sa'o'i ba, tana cikin raba hankali. Ɗalibi ya shiga aji da daddare da niyyar karatun kwana, ya buɗe hand'awut, ya ajiye waya a gefe. Bai gama shafi ɗaya ba saƙo ya shigo. Ya duba, ya ba da amsa, ya leƙa TikTok, ya dawo ya tarar zaren abin da yake karantawa ya tsinke, sai ya koma farko. Da asuba zai rantse ya kwana karatu, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai abin da ya zauna a kansa bai kai na sa'a guda ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Ga kuma barcin da ya rasa, alhali a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya. Wani gwaji da Sana da abokan aikinta suka yi a Kanada a 2013 ya nuna cewa mai leƙe-leƙe a kwamfuta ana cikin lacca ba kansa kaɗai yake cuta ba, har wanda ke zaune a bayansa yana hangen allon nasa makinsa ya ragu.

To, me ya sa ba za a ce da ɗalibi ya kashe waya a huta ba? Saboda mu da kanmu muka kai shi can. Rufe makarantu da aka yi a Maris na 2020 saboda annobar korona, da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i (ASUU) na wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba na 2022, sun bar ɗaliban jami'o'in gwamnati a gida ba abokin hira sai waya. Da aka dawo, guruf ɗin WhatsApp na aji ya riga ya zama allon sanarwa. A nan wakilin aji yake faɗin an ɗage lacca, an sauya ɗakin gwaji, ga hand'awut ɗin malam. Wanda ya kashe data yana iya wayar gari ya tarar an yi gwaji ba ya nan. Kuma kada mu raina amfanin abin: matar aure mai goyo da ke zuwa makaranta daga gida, da ɗalibin da ba shi da kuɗin littafi, da wannan guruf ɗin suke cike giɓinsu. Damuwata ita ce ƙofar da sanarwa take shigowa ita ce dai ƙofar da shiririta take shigowa, kuma kamfanonin da suka ƙera manhajojin nan da daɗewar mutum a kansu suke samun kuɗin talla. Yaro mai shekara 18 ba zai iya ja da su shi kaɗai ba.

Don haka nake ganin bai dace mu ɗora wa ɗalibi laifin duka ba. Nasa rabon a fili yake: idan ya zauna karatu, ya sauke abin da yake buƙata, ya kashe data, ya jefa wayar cikin jaka. Amma rabon hukumomin makarantu ya fi girma. Ya kamata kowane sashe ya tsayar da lokacin fitar da sanarwa, kada a sauya lokacin lacca ko gwaji da tsakar dare. A kuma ware guruf na sanarwa zalla wanda malami da wakilin aji kaɗai ke rubutu a ciki.

Ina roƙon iyayena malamai masu koyar da darussan gama-gari na shekarar farko da su sanya wannan batu a cikin darasin dabarun karatu, tun kafin sakamakon zangon farko ya fito.