Kunnen Yaro Ne Ƙofar Maganarsa

Jawabin da aka gabatar a taron iyaye mata da masu renon yara

 

Ku tuna kalmomin da ɗanku ya fara faɗa: mama, baba, kaka, yaya, nono. Duk gaɓa ɗaya ce aka maimaita. Tun yana wata shida ko bakwai jariri yake fara "ba-ba-ba" da "ma-ma-ma", don haɗa leɓe da buɗe shi ne abu mafi sauƙi a bakinsa. Kalmar da ta yi kama da wannan gwalantun, ita ce yake saurin kamawa.

Kunne kuwa ya riga baki nisa. Jariri yana jin muryar uwarsa tun cikin watanni uku na ƙarshen ciki. A shekarar 1996 masu bincike a Amurka suka kunna wa jarirai 'yan wata takwas sautuka a jere babu tsayawa, na minti biyu kacal. Jariran suka gane gaɓoɓin da ke yawan tafiya tare. Haka yaro yake tsinto kalma daga cikin hirarmu, tun bai san ma'anarta ba.

Hausa tana ba kunne aiki sosai. Kukan yaro daban, kukar miya daban, hawa da saukar murya ne suka raba su. Garin da muke zaune da garin tuwo kuwa, jan wasali ne ya raba su. Ƙarya da karya fa? Harafi ɗaya ne tsakaninsu. Kafin ya cika shekara ɗaya, kunnen yaro ya saba da sautukan da yake ji kullum, waɗanda ba ya ji kuma sai su fara shige masa. Saboda haka in kuna da yarenku na gida, Ngas ne, Bajju ko Tangale, ku yi masa tare da Hausa tun yana goye. Biyun ba za su rikita shi ba.

In ya ce "kapa", kada ki yi masa dariya ko tsawa. Ki ce, "I, ƙafarka ce," ya ji daidai. Ki yi masa waƙa kina daka. Ki ce ja wur, fari fat, ya faɗi tim. Yara suna son irin waɗannan, kuma suna riƙe su.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon kunne. Muna ganin kunnen yaro yana zubar da ruwa wata da watanni, sai a ce zai wuce, ko a ɗiga masa mai. A duk tsawon lokacin nan maganarmu tana isa gare shi a dushe. Ƙyanda da sanƙarau ma suna iya kurmantar da yaro, don haka kada a tsallake rigakafi. In ya kai wata goma sha takwas bai faɗi kalma ko ɗaya ba, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa ta baya, ku kai shi asibiti a duba kunnen. Ranar awo mai zuwa ku zo da katinsa, mu duba tare.