Katalog a Zane: Yadda Ido Ke Kama Kuskuren Laburare



Littafin da aka shigar da shi katalog da kuskure ɓatacce ne, ko da kuwa yana zaune a kan kanta. Ɗalibi zai nema a kwamfuta, ta ce babu, ya tafi da takaici.

Wannan matsala ta shafe mu kai tsaye. A shekarar 2004, a nan Potiskum, Farfesa Russell Schuh na Amurka da Alhaji Maina Gimba da abokan aikinsu suka fitar da ƙamusoshin harsunan Yobe, ciki har da Bolanci da Ngizimanci da Karekare. To wajen shigar da su katalog, wani ma'aikaci zai rubuta Karekare, wani Karai-Karai, wani Kerekere, ita kuwa kwamfuta sai ta ɗauke su harsuna uku. Haka ƙ da ɗ da ɓ: idan aka kwashe bayanai daga wata manhaja zuwa manhajar laburare ta Koha ba a daidaita tsarin haruffa ba, sai su rikiɗe su koma alamar tambaya.

Ba mai iya bin dubban layuka ɗaya bayan ɗaya. Amma dillali a kasuwar shanu ta garin nan, da kallo ɗaya yake tsamo saniya mai ɗingishi daga cikin garke. Aikin zane ke nan. Ku fitar da katalog ɗin zuwa Excel, ku zana ginshiƙai bisa shekarar bugawa. Yawanci za su yi cincirindo daga 1960 zuwa yau. Idan kuka hango wani littafi shi kaɗai can a 1425, ku tsaya. A lokacin Gutenberg bai ma ƙera injinsa na buga littattafai ba. Shekarar Hijira ce, wato 2004, aka zuba ta a gurbin Miladiyya, abin da ke yawan faruwa da littattafan Larabci.

Ku sake zanawa bisa lambobin Dewey. Littafin fiƙihu da ya ɓulla cikin 600, sashen fasaha, alhali gidansa 297, nan take zai fito fili. Sunayen marubuta kuwa, manhajar OpenRefine, wadda kyauta ce, takan tara masu kama da juna wuri guda, ku ga "Imam, Abubakar" da "Abubakar Imam" sun raba Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja gida biyu.

Sai dai zane nuni kawai yake yi. Dole mutum ya tashi ya ɗauko littafin, ya duba shafin farko, sannan ya gyara. Ina roƙon shugabanninmu su ware wa ma'aikata rana guda a kowane zango domin wannan aiki, a kuma fara da littattafan harsunanmu, domin mu ne muka fi kowa sanin daidai rubutunsu.

Allah Ya ba mu ikon aiwatarwa.