Leda a Magudanan Ruwan Kura



Tun shekarun 1970 ruwan Dam ɗin Tiga ke gangarowa gonakin shinkafa da tumatir da alkama na Kura da Bunkure. Amma ku tsaya bakin kwalbati ku duba: ledar ruwa, yagaggun buhunan taki da robobin maganin feshi sun toshe magudanar ruwa, manomin da gonarsa ke can ƙarshe yana zaune yana jiran ruwa har la'asar.

Mu fa mun daɗe da sanin amfanin shara. Kakanninmu kan ɗora wa jaki mangala, su kai tokar murhu da kashin dabbobi gona. Har yau ɗan gwangwan ba ya barin ƙarfe a ƙasa, domin akwai mai saye. Leda ce ba ta da kasuwa irin ta ƙarfe, shi ya sa take kwana cikin ruwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne robar maganin feshi. Wasu kan ɗauraye ta su zuba ruwan sha ko man girki. Ɗauraya ba ta raba ta da guba, kuma yaranmu masu wanka a magudanar su ne ke fara tsintar ta.