Tsohon sirdin keke: rini ko fenti?

Jawabi domin karantawa a cibiyoyin yaƙi da jahilci na Tanut da Belbeji



Zancen yau a kan sirdin keke ne. Keke yana da amfani a karkara. Shi ke kai yaro lakkol, shi ke kai manomi kasuwar Bakin Birji ko ta Gangara. Amma idan keke ya daɗe, sirdinsa na roba yakan koɗe, ya yi fari-fari, ya tsattsage. Sai mai keke ya so ya sake masa launi a gida, domin sabon sirdi kuɗi ne. Tunanin yana da kyau. Sai dai wanda bai san hanya ba, zai yi asarar kuɗinsa da sirdinsa.

Me ya sa roba ba ta shan rini?

A ɗiga ruwa a kan ƙyalle, a ɗiga a kan fata, a ɗiga a kan roba. Ƙyalle zai sha, fata za ta sha, amma a kan roba ruwan zai gangare. To, rini cikin ruwa yake tafiya. Inda ruwa bai shiga ba, rini ba ya shiga. Roba daga ɗanyen man fetur ake yin ta, irin wanda ake tacewa a matatar SORAZ da aka buɗe a ƙasar Olelewa a shekarar 2011. Ba ta da zare kamar auduga. Don haka ko sirdi ya kwana bakwai a cikin baba, launin a sama zai tsaya, kuma wandon mai keke ne zai kwashe shi.

Wasu suna dafa sirdi da garin rini na kanti. Wannan kuskure ne. Ruwan zafi yana lanƙwasa roba, sirdin ya karkace. Tukunyar da aka dafa rini a ciki kuwa, ba ta sake dacewa da abinci ba.

Hanya ta farko: fenti

Idan sirdin bai fashe ba, ana iya shafa masa fenti.

1. A kwance noti, a cire sirdin daga keke.
2. A wanke shi da sabulu, a bar shi ya bushe sarai.
3. A goge shi a hankali da takarda mai yashi ta kafintoci, don fenti ya samu wurin kamawa.
4. A nemi fentin fesawa wanda aka yi domin roba. A fesa kaɗan-kaɗan sau 2 ko 3, ana bari yana bushewa tsakani.
5. A bar shi a inuwa kwana 2 kafin a hau.

A yi aikin a waje, inda iska ba ta kawo ƙura, nesa da wuta da yara, domin fenti yana kamawa da wuta, warinsa kuma yana cutar ƙirji. A guji baƙi. Baƙin abu yana jan zafin rana, ga shi a watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. A sani kuma, fenti ba ya daɗewa a kan sirdi, saboda kullum ana zama a kansa.

Hanya ta biyu: rufin fata

Wannan ita ce ta fi ƙarko, kuma ko sirdin ya tsage tana yi. Damargu ƙasar kiwo ce, fatar akuya ba ta wuya. Tun zamanin ayari, ta nan ake bi da jemammun fatu daga Kano da Damagaram zuwa Agadas, har Tarabulus. Sanin rina fata yana hannun dukawa har yau.

A sayi fatar da aka jeme da bagaruwa. Mai son ja, ya daka karan dafi, ya jiƙa shi da ruwan toka ko na kanwa, ya shafa da tsumma. Mai son rawaya, ya nemi gangamau. Idan ta sha iska, a goge ta da ƙyalle har ƙyallen ya daina ɗaukar launi, don kada ta ɓata wando. Sannan a ɗora soso a kan sirdi, a yayyafa wa fatar ruwa, a ja ta da ƙarfi, a ɗinke ta daga ƙarƙashi. Wanda bai iya ɗinki ba, ya kai wa baduku ran kasuwa. Kuɗin ya zauna a cikin gari ke nan.

Rigakafi ya fi magani

Rana ce ke cin roba, ruwa ne ke ɓata fata. A riƙa jingine keke a inuwa. Da damina a rufe sirdi. Lokaci-lokaci a shafa wa fatar ɗan man shanu, don kada ta bushe.

Malaman cibiyoyi su kawo ƙyalle da fata da guntun roba, su gwada ɗigon ruwa a gaban ɗalibai, domin gani ya kori ji. Wanda ya karanta kuma, ya faɗa wa maƙwabcinsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka.