Amsar Takardunku: Shekara Uku Ina Neman Shanun Huɗa

Takardar wannan mako ta fito ne daga wani bawan Allah manomi a ƙasar Funtuwa. Ya ce shekara 3 ke nan kowace kaka yana ƙudurta sayen shanun huɗa da garma, amma kafin bazara kuɗin sun zurare, yau suna, gobe biki, jibi asibiti. Bana kuma maƙwabcinsa da suka fara wannan magana tare ya ɗaure nasa bijimai. Ya ce zuciyarsa ta mutu, yana tambaya ko ya haƙura kawai.

To Malam, mun ga takardarka, mun kuma gode. Kada ka haƙura. Wanda ya shekara 3 yana riƙe da niyya ɗaya ba rago ba ne. Yadda ka ɗauko kayan ne ya yi maka nauyi.

Da farko, kana kallon bijimai biyu da garma a dunƙule, kamar mai son ɗaga rumbu da hannu. Rarraba abin. Bana garma da karkiya kaɗai za ka nufa, su ne masu sauƙin kuɗi, kuma ba sa ci ba sa sha. In ka jingine garma a zaure, kullum ka fito ka gan ta, za ta riƙa tuna maka alkawarin da ka yi wa kanka. Baɗi sai ɗan bijimi guda mai shekara 2 zuwa 3, wanda bai kai ƙosasshe tsada ba. Ka nemi wani mai guda ɗaya irinka ku haɗa, yau gonarka, gobe tasa. Na biyun zai zo daga gumin na farkon, domin huɗar haya da jan amalanke suna kawo kuɗi. Ka sa wa kowane mataki lokaci, misali garma kafin ruwan shuka. Wanda ya ce "wata rana", to ranar ba ta cikin kwanakin mako.

Na biyu, ka daina ajiye burinka a aljihu. Kuɗin hannu kowa na da rabo a cikinsu, ga shi kuma darajar naira tana raguwa. Ka tuna yadda kaya suka tashi bayan cire tallafin man fetur a 2023. Wanda ya ƙulle kuɗin maraƙi a ƙarƙashin katifa ya wayi gari ba su kai ba. Mayar da kuɗin wani abu mai rai ko mai jira. Tunkiya da akuya wata 5 suke ɗaukar ciki, jar akuya kuma ta saba da tagwaye. Ragon turke da ka ba harawa da dusa da kowa wata 3 zuwa 4 kafin Layya zai mayar maka da wahalarka. In wake ne, ka busar da shi sosai, ka zuba a buhun nan mai ninki uku, ka ɗaure kowane ninki tamau. Ƙwarin rashin iska ke kashe su, ba sai ka sa magani ba. Da kaka wake yana araha, sai ka jira kasuwa ta motsa wajen bazara.

Ku kuma 'yan kasuwa masu son kama rumfa ko ƙara jari, lissafin ɗaya ne. Kowace ranar kasuwa ka cire kuɗin tiya guda ta masara kafin ka taɓa riba. Mako 52 ne a shekara, buhu kuwa tiya 40 ne ko kusa da haka. Ka ga a shekara ka tara abin da ya ɗara buhu ba tare da gida ya ji a jikinsa ba. In ka san hannunka ba ya riƙe kuɗi, shiga adashi wajen mutanen da ka yarda da amanarsu, ka roƙi a sa kwasarka daidai lokacin da za ka yi sayayya.

Na uku, maganar suna da biki da asibiti. Waɗannan ba za su daina zuwa ba, don haka ka yi musu nasu tanadin daban, ko da 'yan kaji ne da zabi. Ka zauna da maiɗakinka ka gaya mata wannan tunkiya ta garma ce, waccan akuya ta lalura ce. In ta san inda aka nufa, ita za ta fara hana ka kwance igiyar ranar da hidima ta taso. Hidimar ma a yi ta daidai ƙarfi. In kuwa rashin lafiya ce ta cinye ajiyar, ba ka yi asara ba, rai ya fi bijimi. Ka sake ɗaura ɗamara daga inda ka tsaya, ba daga farko ba, tunda garmarka tana nan.

Sai batun mutuwar zuciya. Wannan takan zo ne in mutum yana kallon abin da ya rage, ya manta abin da ya riga ya yi. Samu gawayi ka riƙa jan layi a bangon ɗaki duk makon da ka yi ajiya. Ranar da kasala ta kama ka, ƙirga layukan. In hali ya yi, ka leƙa kasuwar shanu, ko ta kusa da ku ko irin ta Wudil ranar Juma'a, ka yi tayi ko ba za ka saya ba, ka san farashi, ka koyi duba haƙori da ƙafa. Maƙwabcin naka kuwa, kada ka mayar da shi ciwon zuciya. Je ka yi masa murna, ka taya shi horar da nasa, ka koyi riƙon garma a kansu. Ranar da naka suka iso kai gwani ne. Kada kuma ka manta da malamin dabbobi, a yi musu allurar rigakafi kafin su shiga aiki.

Ka yi addu'a, ka kuma ɗaure akuyarka. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana. Ranar da ka sayo garmar nan, ka rubuto mana mu yi maka barka a gaban jama'a.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa kasuwa albarka. Ku huta lafiya.