Ƙofar da Take Rufewa a Shekara 35



Shugaba ya nemi in yi bayani a kan tallafin zuwa jami'a domin yin bincike. Na karɓi wannan aiki da nauyi a zuciyata, domin ni kaina ban taɓa samun irin wannan tallafi ba. Ina da shekara 39 na fara jin labarinsa, a wajen wata bita ta malaman lissafi. Da na karanta sharuɗɗan sai na tarar na cika kowanne, ban da guda ɗaya: dole mai nema ya kasance bai kai shekara 35 ba. A lokacin na shekara 14 ina riƙe da alli, kuma a duk tsawon waɗannan shekaru ba wanda ya taɓa faɗa mini cewa akwai wannan hanya. Shi ya sa na tsaya a gabanku yau, don kada ƙannenmu su ji labari bayan an tashi kasuwa.

Tallafin da nake nufi na gwamnatin Japan ne, ta hannun ma'aikatar iliminta da aka fi sani da MEXT, kuma an ware shi musamman domin malaman makaranta. Ana neman wanda ya kammala jami'a ko makarantar horon malamai, wanda ya koyar a firamare ko sakandare na aƙalla shekara 5, kuma yana kan aikin. Wanda aka zaɓa yakan tafi a watan Oktoba, ya zauna shekara ɗaya da rabi. Watanni 6 na farko na koyon harshen Japananci ne, sauran shekarar kuma ta bincike ce a ƙarƙashin wani shehin malami, tare da ziyartar makarantu ana ganin yadda suke koyarwa. Gwamnatin ce take biyan kuɗin jirgi na zuwa da dawowa, ba a biyan kuɗin makaranta, kuma ana ba da alawus na kusan yen 143,000 a kowane wata. Ta ofishin jakadancin Japan da ke Abuja ake nema, sanarwa takan fito wajen farkon shekara, sannan a yi jarrabawar Turanci da Japananci da kuma ganawa. Ba a sayen fom. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai shigar da sunanku, ku yi nesa da shi. Kuma kowace shekara ku karanta sanarwar ofishin da idonku, domin ita ce take fayyace takardun da za a karɓa.

Wani zai ce, ina ruwan malamin firamare da Japan? Waɗanda suka halarci bitar SMASE sun san amsar. Shirin nan na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya ya fara a 2006 a jihohin Kaduna da Neja da Filato da tallafin hukumar JICA ta Japan. Kuma a can malamai suna da daɗaɗɗiyar al'ada ta nazarin darasi: su tsara darasi tare, ɗaya ya koyar, sauran su zauna a aji suna lura da yadda yara suke fahimta, daga baya su taru su gyara. Wannan shi ne abin da mutum zai je ya gani da idonsa.

Abin da ya fi tsorata mu shi ne rubuta ƙudurin bincike. Muna zaton bincike sai mai babban digiri. Alhali kuwa tambayar tana cikin ajinmu. A ajina na firamare 3 akwai yaran da suke rera jadawalin ninkawa har gidan 12 ba tuntuɓe, amma idan na ajiye dabino 12 na ce a raba wa yara 4, sai su tsaya suna kallona. Abin mamaki, yarinyar da take tallar gyada da yamma tana ba da canji daidai, ita ce kuma take cin sifiri a takarda. Me ya raba lissafin talla da lissafin allo? Wannan tambaya ce ta bincike. Wanda ya rubuta yawan yaran ajinsa, da abin da ya gwada, da inda ya gaza, da abin da zai yi idan ya dawo, ya fi wanda ya cika shafi da manyan kalmomi a kan inganta ilimi a Afirka. Don haka ku sayi littafin rubutu na musamman tun yanzu, ku riƙa rubuta abin da kuka lura da shi kowane mako.

Sai maganar takardu. Fasfo, da takardar sakamako daga kwaleji, da wasiƙar shaida daga shugaban makaranta, da takardar likita, babu wanda ake samu a kwana biyu. Ni na yi watanni ina bin takardar sakamakona lokacin da na nemi ƙarin karatu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu takardar NCE kaɗai kuma ina ba su shawara su nemi digiri ta karatun hutu ko ta jami'ar karatu daga gida, domin sauran tallafin da yawa digiri suke nema.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba. Wannan shiri ba ya ba da digiri, takardar shaidar kammalawa ake samu. Alawus ɗin na mutum ɗaya ne a ƙasa mai tsadar rayuwa da sanyin hunturu. Shekara ɗaya da rabi kuma ba kwana kaɗan ba ne ga mai iyali. Dole a zauna da maigida ko uwargida da iyaye a yi shawara kafin a cike fom. Dole kuma a samu hutun karatu a rubuce daga hukumar ilimi, don kada mutum ya dawo ya tarar an cire sunansa daga takardar albashi.

A nan ne nake roƙon reshe abubuwa uku. Na farko, a naɗa mutum biyu da za su riƙa bibiyar irin waɗannan sanarwa su kawo mana da wuri. Na biyu, a haɗa jerin malamanmu da ba su kai shekara 33 ba, maza da mata, a fara shirya su. Na uku, shugabanni su tsaya wa duk wanda aka zaɓa har ya samu hutun karatu da albashinsa.

Ni kuma na ɗauki alkawari: duk ranar Asabar bayan la'asar ina ofishin reshe. Mai son mu duba ƙudurinsa tare ya zo da littafinsa.

Allah Ya ba mu sa'a, Ya albarkaci yaran da aka ba mu amana.