Kada Ka Karɓi Saƙon Da Ba Ka Buɗe Ba: Jawabi Ga 'Yan Dubeli Mazauna Kurmi



Kowa ya san al'adarmu. In mota za ta tashi daga Agege ko Sabon Badun zuwa Jimeta, mutum yakan miƙa wa direba ƙunshi ya ce a kai Dubeli, direba kuwa ba ya tambayar abin da ke ciki, domin zumunci ya hana. To, a kan wannan al'ada nake so in ja kunnenmu, saboda masu fataucin hodar Iblis sun gane ta sarai.

Ita wannan hoda daga ganyen koka ake tace ta, a Kolombiya da Peru da Bolibiya. In aka dafa ta da ruwa da garin soda sai ta daskare kamar tsakuwa, ita ce Turawa ke kira kirak. Hayaƙinta ake zuƙa, mayenta ba ya wuce 'yan mintoci, saboda haka mai sha ba ya hutawa sai ya sayar da abin da ya mallaka. Afirka ta Yamma zango ce gare ta a hanyarta ta zuwa Turai. A watan Satumba na 2022 an kama fiye da kilo 1,800 a wani gida a Ikorodu, nan kusa da Ikko.

Hukuma ba ta taɓa ɗaukar al'amarin da wasa ba. Gwamnatin Mulkin Soja ta Janar Muhammadu Buhari ta kafa Doka mai lamba 20 ta 1984, wadda ta tanadi kisa. Ran 10 ga Afrilu, 1985, aka harbe mutum uku a Kirikiri. Gwamnatin Janar Babangida ta janye kisan, sa'an nan ta kafa hukumar NDLEA da Doka mai lamba 48 ta 1989. A 2021 aka ba Birgediya Janar Buba Marwa, ɗan Adamawa, wanda ya taɓa mulkin Jihar Legas, shugabancin hukumar.

Ga abin da dokar 1989 ta shimfiɗa. Wanda ya shigo da hodar, ko ya fita da ita, ko ya yi safararta, ko ya sayar, ɗaurin rai da rai. Wanda aka same shi da ita, ko yana sha, ɗaurin shekara 15 zuwa 25. Mai gida ko mai kula da gida da ya yarda aka ɓoye ta a wurinsa, shi ma yana iya shan shekara 25. Babbar Kotun Tarayya ke yin shari'ar.

Ku lura da kyau, Jama'a. Uban dakin kayan yana gidansa a kwance. Wanda ake kamawa a shingen hanya shi ne direba, da yaron mota, da ɗan dako, da ɗan acaɓa, da maigadin da aka bar wa mabuɗin sito. Sana'o'in su wa na lissafa? Namu ne. Ranar da aka zare ƙunshi daga motarka, mai saƙo ya kashe wayarsa, kai ne za ka tsaya gaban alƙali kana rantsuwa ba ka sani ba, iyalinka a Dubeli suna jiran kuɗin cefane.

Saboda haka ina roƙonmu abu uku. Kowane saƙo a buɗe shi a gaban mai shi da shaidu, a rubuta sunansa da na mai karɓa. In an ba ka ladan da ya fi ƙarfin kayan, ka mayar, kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Sarakunan Hausawa da shugabannin tasha kuma su mai da buɗe kaya ƙa'ida a kan kowa, babba da yaro, don kada wani ya ce an zarge shi.

Yaron da ya riga ya faɗa shaye-shaye kuwa, a kai shi asibiti tun kafin hukuma ta riga mu.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya mai da mu gida lafiya. Wassalam.